Farin Dutsen Gona da Fasasshiyar Kwalba

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya a ƙasar Ɗandume ya san farin dutsen nan da ke fitowa daga cikin jar ƙasa, ya dakushe bakin ƙarfe, a tsince shi a wurga kan iyakar gona. Daga Ɗandume zuwa Funtuwa, daga Bakori zuwa Malumfashi, gonakin masara da auduga suna zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, wanda jijiyoyin farin dutsen suka ratsa kamar yadda kitse ke ratsa tsoka. Masana ilimin ƙasa suna kiransa kwaz. Bahaushe kuwa ƙanƙara ya ce masa, sunan da ya bai wa abin da ke zubowa daga sama da damina yana yaga ganyen shuka, kuma da irinsa ake ƙyasta wuta kafin zuwan ashana. Wasu al'ummu ma sun yi irin wannan haɗi. Kalmar kiristal ta fito ne daga kalmar Girkawa mai nufin ƙanƙara, kuma marubucin Rum, Pliny, ya rubuta a ƙarni na 1 cewa dutsen ruwa ne da ya daskare har ya kasa narkewa.

Sai dai na gona fari ne kamar nono, ba a hango komai ta cikinsa. Abin da ya dusashe shi ƙananan kumfa ne na ruwa da iska, marasa iyaka, da suka maƙale a ciki lokacin da yake haɗuwa, ga kuma tsage-tsage. Wanda yake garau kamar ruwan sama a kwano sai a cikin kogon dutse yake tsirowa, sannu a hankali, da kusurwa shida, kuma wuraren da suka yi suna da shi 'yan kaɗan ne: Brazil, Madagaska, jihar Arkansas ta Amurka. In aka bi tarihin kayan adon ƙasar Hausa ta wannan kafa, abin da ake gani shi ne dutse bai taɓa yanke wa mutanen nan ba. Ribar dutsen ce ta riƙa tafiya wurin waɗanda suka iya tace shi, su yanka, su goge.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne dutsen zobe mai hawa-hawa. Masu sana'ar suna da wani salon yanka da suke kira kabushan: a goge saman dutse ya yi tudu sumul kamar ƙoƙo a kife, gindinsa kuma a shafe. Shi ne yankan yawancin zobban azurfa da alhazai ke dawowa da su. Idan dutse mai daraja ya yi siriri ko rauni har ba zai iya tsayawa shi kaɗai ba, sai a manna shi a kan wani abu mai ƙwari, ya zama hawa biyu. In aka ƙara masa hula ta wani abu mai haske garau a sama, ya zama hawa uku. Ofal na Ostareliya, irin wanda ake haƙa a Coober Pedy tun 1915, shi ya fi shahara da wannan. A yanka shi kamar takarda, a sa masa baƙin gindi domin launukansa su fito, a kifa masa hula. Hular tana kare shi, tana kuma ƙara girman launin a ido kamar yadda tabarau ke yi wa rubutu.

A nan ne zaɓi tsakanin kwaz da gilashi ya zama abin magana. A ma'aunin tauri mai hawa goma da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, kwaz yana mataki na 7, gilashin taga kuwa wajen 5 da rabi. Tazarar kamar ba ta da yawa, amma ƙurar da ke yawo a iska cike take da ɓarɓashin kwaz, balle ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na Chadi ta lulluɓe Katsina da Kano watanni. Duk lokacin da mutum ya share hular gilashi da gefen rigarsa, yana goga mata abin da ya fi ta tauri ne. Kafin shekaru kaɗan ta dushe. Ta kwaz tana jure wannan. Amma gilashi araha ne, ana zuba shi ya fito dubu-dubu iri ɗaya, shi kuwa kwaz sai an nemo marar kumfa, marar tsaga, an yanka da zarto mai bakin daimon, an goge ɗaya bayan ɗaya.

Dabarar tsohuwa ce, kuma tun farko tana tafe da zargi. Benvenuto Cellini, maƙerin zinariya na Florence, ya bayyana a littafinsa na 1568 yadda ake manna kiristal biyu da launi a tsakaninsu a birnin Milan, ana sayar wa mutanen karkara da araha, ya kuma yi tir da masu sayar da irinsa a matsayin na gaske. A ƙarni na 19 aka yi yayin narka siririn ganet a saman gilashi mai launi, aka kuma yi zumurrudun da ba komai ba ne face kwaz biyu da koren manne a tsakiya. Yayin ganet ya ja da baya bayan 1902, lokacin da Bafaranshe Auguste Verneuil ya bayyana hanyar ƙera yaƙutu a tanderu. Neman tataccen kwaz ɗin kansa ya girmi duk waɗannan. Al-Biruni ya rubuta a ƙarni na 11 cewa daga tsibiran Zanj, wato gabashin Afirka, ake kawo shi Basra a sassaƙa. A taskar majami'ar San Marco ta Venice har yau akwai buta da aka sassaƙa daga kiristal guda, ɗauke da sunan halifan Fatimiyya al-Aziz Billah, wanda ya mulki Misira daga 975 zuwa 996. Ɗanyen dutsen daga wata ƙasa, gwanintar a wata ƙasa, sunan kuma ya bi gwanintar.

Ƙasar Katsina ta daɗe a cikin wannan kasuwa, a matsayin mai saye. A Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani akwai tuddan kaburburan manya, waɗanda jami'in mulkin mallaka H. R. Palmer ya fara tonawa a 1907, aka sake tona wasu a 1992, daga baya aka kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara. An samu zinariya, da hauren giwa, da wuri, da tasar ƙarfe daga ƙasashen gabas, da duwatsun wuya na gilashi da na jan aƙiƙ. Masana sun sanya kaburburan tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Ke nan ɗaruruwan shekaru kafin Bature ya leƙo, masu mulki a nan suna ado da abin da aka huda aka goge a wata duniya. Da Heinrich Barth ya ratsa Katsina ya shiga Kano a 1851, ya lissafa hajar Turai da ya gani a kasuwa: allura da madubi daga Nuremberg, ruwan takobi daga Solingen, duwatsun wuya daga Venice da Trieste.

Labarin talhatana ya isa misali. Ita ce ƙawar nan ta jan dutse mai zobe a sama da tsini a ƙasa, wadda Buzaye ke kira talhakimt, mata suna ratayawa a wuya ko a kitso. Asalinta aikin garin Khambhat ne na Gujarat a Indiya, inda aka shafe dubban shekaru ana gasa aƙiƙ domin ya ƙara ja, a huda, a goge, ya biyo hanyar Bahar Maliya da ayarin alhazai da fatake. A ƙarni na 19 wani ƙaramin gari a Jamus, Idar-Oberstein, ya shiga tsakani. Dutsen tsaunukansa ya kusa ƙarewa, masu guga sun fara hijira, sai wasu daga cikin waɗanda suka yi ƙaura zuwa kudancin Brazil suka ci karo da aƙiƙ mai ɗimbin yawa, suka fara turowa gida a shekarun 1830. Dutsen Brazil toka-toka ne, amma yana shan rini. Mutanen Idar suka ƙware a rina shi ja ko baƙi, suka kwaikwayi siffofin Khambhat, suka ƙwace kasuwar Afirka. Su ma ba su daɗe suna cin karensu babu babbaka ba, domin masana'antun Jablonec na ƙasar Cek sun fara zuba siffar da gilashi. Dutsen Indiya, sai dutsen Brazil da rinin Jamus, sai gilashin Cek: sau biyu ana canza abin da ke wuyan amarya, sunan bai canza ba.

Kada a ɗauka ba a taɓa yin gilashi a wannan ɓangaren duniya ba. A Igbo Olokun da ke Ile-Ife, tonon da Abidemi Babatunde Babalola ya jagoranta, wanda aka buga sakamakonsa a 2017, ya fito da duwatsun gilashi kusan 13,000 tare da ɓaraguzan tukwanen narki, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Haɗin sinadaran gilashin bai yi kama da na Misira ko Turai ko Indiya ba, abin da ya tabbatar da cewa a nan aka dafa shi daga kayan ƙasa. An tsinci irinsa har a Gao ta Mali.

Wanda Bahaushe ya fi sani shi ne na Bida, inda ƙarau ke fitowa. Masagá, wato masu sana'ar gilashi na Nupe, suna da unguwarsu, suna kuma faɗin cewa kakanninsu daga Misira suka taso suka biyo ta Borno. Suna da nasu gilashin mai suna bikini, wanda suke dafawa daga yashi da kanwa a tanderun rami, wuta tana ci kwanaki. Yana fitowa baƙi wuluk. Leo Frobenius ya ga aikinsu a tafiyarsa ta 1910 zuwa 1912, S. F. Nadel kuma ya zauna da Nupawa a shekarun 1930, ya bayyana tsarin ƙungiyarsu a littafin da ya fitar a 1942. A tsakanin nan wani abu ya riga ya shigo: kwalba. Kamfanonin Turawa da ke hawa kogin Kwara sun cika kasuwa da kwalaben abin sha da na magani, kore, da ruwan ƙasa, da shuɗi, da fari garau. Masagá suka koma sayen su, su fasa, su narka. Dafa bikini ya yi ta raguwa har ya zama labarin dattawa.

Akan ba da wannan labari da sigar makoki, a ce kwalba ta kashe sana'ar gado. Adalci shi ne a ce sun yi lissafin da duk mai sana'a zai yi. Kwalba ta ba su launuka da hasken da bikini ba zai taɓa bayarwa ba, ta rage musu itace da kwanaki. Abin da Idar-Oberstein ta yi da dutsen Brazil ke nan: kayan gida ya gaza, aka nemo na waje. Inda hanyoyin suka rabu shi ne abin da ya biyo baya. Idar ta zuba ribarta a injin guga, da ilimin rini, da makarantar koyon sana'a, da wakilai masu kai samfuri kasuwannin duniya. Bida ta ci gaba da tanderun laka da zuga-zugi, a ƙarƙashin mulkin da ba ya sha'awar ganin masana'anta a nan, yana sha'awar auduga da gyaɗa ne. Sana'ar ta rayu, har UNESCO ta sanya Bida cikin biranen fasahar hannu a 2021, amma ta rayu ne a kan abin da wasu suka zubar.

Akwai wani abu a tarihin Venice da ya kamata mutumin Ɗandume ya ji. Wajen 1450, a tsibirin Murano, Angelo Barovier ya yi suna da wani gilashi garau da aka raɗa wa sunan kiristal saboda kamarsa da dutsen. Masu wannan aiki sun guji yashi, saboda ƙarfen da ke cikinsa. Suka riƙa sayen fararen duwatsun kwaz daga kogin Ticino, su gasa su, su tsoma a ruwan sanyi su farfashe, su niƙa su zama gari, su haɗa da tataccen tokar tsirrai daga ƙasar Sham, su ƙara ɗan manganis domin ya kashe sauran launi. Wato farin dutse marar haske, ɗan'uwan wanda ake wurgawa kan iyakar gona, shi ne tushen gilashin da ya fi kowane haske a zamaninsa. Kumfar da ta hana shi zama dutsen zobe ba ta hana shi zama gilashi, tunda wuta tana kore ta. Abin da Murano ta fi kowa shi ne sanin yadda ake wanke toka da riƙe zafin tanderu, kuma hukumar Venice ta san darajar wannan sani, shi ya sa ta hana masu sana'ar fita ƙasar.

Ko a inda aka yi yankan dutse a gida, rabon aikin ya bi wannan layi. Duwatsun lantana, ja masu sheƙi, waɗanda sarakunan Yarbawa da na Benin ke ado da su, a Ilorin ake huda su, bayan masu sana'ar sun baro tsohuwar Oyo a farkon ƙarni na 19. Ɗanyen dutsen kuwa daga yankin Kirtashi yake, a gaɓar Kwara cikin Nijar ta yau, kuma fataken Hausawa ne ke sauko da shi. Mai huda yakan zauna yana ƙwanƙwasa siririn ƙarfe a kan dutse guda na tsawon sa'o'i, sannan a goge. Zuwa shekarun 1930 kayan waje masu araha sun durƙusar da sana'ar. Sunan dai ya tsira a bakin Hausawa, ana kiran 'ya'ya mata Lantana, kamar yadda ake kiran wasu Murjanatu.

Jirgin ƙasa ne ya ƙarasa aikin a kudancin Katsina. Layin da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Auduga ta fita, kuɗi suka shigo hannun manoma da kaka, kuma kaka ita ce lokacin aure. Kuɗin lefe suka tafi kan atamfa da tsakiya da murjani da jigida, waɗanda kaso mai tsoka daga cikinsu gilashi ne da aka zuba a Turai da siffar dutse. Daga baya roba ta zo ta ture gilashin shi ma.

Tun daga shekarun 1980 Najeriya ta shiga jerin ƙasashe masu duwatsu masu daraja: safaya a kudancin Kaduna da tsaunin Mambila, akwamarin da zumurrudu a Nasarawa da Kaduna, tofaz a tudun Jos, tomalin a Oyo. Masu haƙar yawanci talakawa ne da diga da shebur, da yawansu 'yan ci-rani daga arewa. Dillalai, ciki har da 'yan Mali da Senegal da Gini, suna tarawa a Jos da Ibadan, ɗanyen dutsen ya wuce Bangkok, ko Jaipur, ko Idar-Oberstein ɗin nan da ta taɓa sayar wa kakanninmu talhatana. Mai haƙa yana sayarwa da awo. Can kuma ba a zubar da komai: babba a yanka shi mai fuskoki, matsakaici a yi kabushan, siriri ko marar launi sosai a manna shi da wani, tunda dabarar hawa-hawa an ƙirƙire ta ne domin kada ɓarɓashi ya tafi a banza. Ribar da ake tatsa daga irin wannan ragowa ba ta dawowa bakin rami.

Hular da ake kifawa a yau ma ta daina dogara da kogon dutse. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an buƙaci tataccen kwaz domin na'urorin rediyo, kuma kusan dukkansa daga Brazil yake zuwa. Tsoron yankewarsa ya sa aka dage da binciken da Giorgio Spezia ya fara a Turin a farkon ƙarni na 20, har aka kai ga shuka kwaz a cikin tukunyar ƙarfe mai matsi da zafi kusan digiri 400. Ana zuba farfasassun gutsattsarin kwaz a gindin tukunyar, su narke a ruwan sinadari, su sake tsirowa garau a sama cikin makonni. Ƙwayar da ke kaɗawa sau 32,768 a daƙiƙa a cikin agogon hannu mai batir irin wannan ce.

Saura batun algus, wanda ɗan kasuwar hatsi ta Ɗandume ba ya buƙatar a yi masa fassara. Ya san buhun da aka sa wa kyakkyawar masara a baki, ya kuma san ƙarfen da ake soka wa buhu a zaro abin da ke tsakiya. Dutse mai hawa uku ba algus ba ne in an faɗi abin da yake, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Hanya ce da mai ƙaramin ƙarfi zai sa ofal na gaske a yatsa. Yana zama ha'inci ne idan maƙeri ya rufe gefen dutsen da azurfa, mai sayarwa kuma ya yi shiru. Ƙarfen sokawa a wannan kasuwa shi ne duba ta gefe: in dutsen a sake yake, ana ganin layin manne miƙe, da hular da ba ta da launi. Ta madubin ƙara girma akan ga 'yan kumfa a shimfiɗe a inda hawa biyu suka haɗu. Ruwa yana shiga tsakanin hawan a hankali, sai dutsen ya fara hazo daga gefe, kuma ga mai alwala sau biyar a yini wannan yakan bayyana da wuri.

Bambance hular kwaz da ta gilashi ya fi sauƙi. Kumfar gilashi zagayayya ce, gefensa kuma yakan yi saurin karcewa. In aka ɗora su a leɓe, kwaz ya fi sanyi kuma ya fi daɗewa da sanyinsa, saboda ya fi gilashi saurin janye zafi daga fata. Wanda ido da leɓe ba sa iya rabawa shi ne kwaz na kogo da na tukunya. Wannan sai ɗakin gwaji, kuma ga mai neman hula bambancin ba ya canza komai, tunda dukkansu suna mataki na 7.